An Ce Fagge Ba Wurin Bincike Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Sashenmu na Nazarin Al'umma da Al'adu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, Farfesa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Yagana Modu, ɗalibarka ta digiri na biyu da ta kare kundinta makon jiya. Na ci, alhamdu lillahi. Da bara na rubuta wannan wasiƙa, da da zafi za ta fito, shi ya sa na bari sai da na huce.

Na farko. Abin da na nemi in bincika shi ne zumuncin matan Fagge da na Sabon Gari, yadda suke zuwa bikin juna da gaisuwar mutuwa duk da bambancin addini da harshe. Kwamitin tantancewa ya ƙi. Wai ni haihuwar Rijiyar Lemo ce a nan Fagge, na san wurin da yawa, in nemi ƙauye mai nisa. Wani malami ma cewa ya yi binciken da ake zuwa a adaidaita sahu yawo ne, aka yi dariya. Ina goyo a lokacin, ga mahaifina a kwance. Babu wanda ya tambaye ni.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Na gyara na sake miƙawa, damina ta zo ta wuce ba amsa, kuma doka ta hana ni ɗaukar muryar kowa kafin izini. Aikin nan kuwa ya rataya ne a kan mutum biyu: Inna Falmata, tsohuwa mai haɗa turaren wuta a Fagge, da aminiyarta tun ƙuruciya, Mama Nkechi, tela a Sabon Gari. A wani tashin hankali da aka taɓa yi, Inna ce ta ɓoye ta da 'ya'yanta a uwar ɗakinta. Ina cikin wannan jira Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na je duba ta, ta riƙe hannuna tana son cewa wani abu, ya ƙi fita. A ƙofar gida na yi kukana.

Na uku godiya ce. Da ka hau kujerar nan ka kira ni, ka karanta buƙatata da kanka, ka sa aka ba ni izini. Allah kuma cikin ikonsa ya dawo wa Inna da harshenta sannu a hankali. Inda ta sarƙe, Mama Nkechi ta ƙarasa mata. In ta ƙara gishiri, Inna ta buge mata gwiwa da hannun mai lafiya. Na zauna da su watanni, ina daka kayan ƙamshi, ina cire zare a shago. Duk kusancin da aka ce ya yi yawa, ashe ban taɓa shiga gida ko ɗaya a Sabon Gari ba sai a wannan aiki.

Roƙona, Farfesa, a sa wa kwamiti wa'adin amsa wa ɗalibi, domin mutanen da muke zuwa wurinsu tsofaffi ne, ba kowa zai yi sa'ar da na yi ba. A kuma daina yi wa ɗalibi ba'a a gaban taro. In an ƙi aikinsa, a gaya masa dalili.

Sai wata alfarma. Ina so a ba ni gurbin mutum biyu a inuwa ranar bikin yaye mu, inda keken marasa lafiya zai iya shiga. Na ce wa Inna ta huta a gida, ta harare ni. Mama Nkechi kuwa har ta yanka musu atamfa iri ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raya maka zuriya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Yagana Modu
Rijiyar Lemo, Fagge