Tuta Mai Shuɗin Ratsi

Daren Talata, Springfield, Amurka

Maganar matar nan ta hana ni barci.

Shekara biyu ina kauce wa gidan da ke ƙarshen layinmu saboda tutar nan mai shuɗin ratsi, ta goyon bayan 'yan sanda. Tun lokacin zanga-zangar kare rayukan baƙaƙen fata 'yata Hafsa ta ce, "Mama, masu kafa ta ba sa ƙaunar irinmu." Na yarda.

Yau da hantsi aka ajiye ƙunshin maganinsu a ƙofata bisa kuskure, dole na kai. Na ƙwanƙwasa ƙofar. Sai ga tsohuwa baƙar fata, sa'ar mahaifiyata. Ta ga ina satar kallon tutar.

Ta ce, "'Yata, ɗana ɗan sanda ne. In ya sa kaki, ina tsoron masu bindiga. In ya tuɓe ya shiga motarsa, ina tsoron abokan aikinsa. Zanga-zangar ma na je, ina dogara sanda."

Ikon Allah! Yaya zuciya ɗaya take ɗaukar wannan duka?

Bayan isha'i na daɗe ina yi wa ɗanta addu'a, ko sunansa ban sani ba.