Yatsuna Biyu a Punta Arenas

Yaya Casilda,

Ƙanwarki Yuberkis ce ke gaishe ki. Ya jikin Inna, ya kasuwa?

Garin nan na Punta Arenas akwai albarka, sanyinsa ko kifi ba ya bari ya ruɓe. Ina lafiya, ina aikin ɓarar kaguwa cikin ƙanƙara a masana'anta.

Na nemi abin ɗumama hannu. Mai gidan hayarmu ta hana cajin kayan lantarki, sai na bar mai batir na zaɓi wanda ake dafawa a ruwa ya ɗau zafi. Mai shagon ya ce, "Baƙuwa, wallahi shekara goma zai yi miki!" Na ce, "Kawu, ni ma 'yar kasuwa ce, rage rantsuwa." Na dai saya. Ɗuminsa rabin awa, aikina awa tara.

Yatsuna biyu sun yi baƙi saboda sanyi. Ran Juma'a likita zai faɗa ko yankewa za a yi. Kada Inna ta ji, ke dai ki sa ni a addu'a. Allah ya ƙara mata lafiya.

Abin kam zai kai shekara goman. Ni kuwa da me zan riƙe shi?