Igiyar Dzarma

Laraba, 27 ga Fabrairu, 1963

Larabar Toka. Coci ya cika har waje. Da la'asar na buɗe ajin masu shirin baftisma a gindin dogon yaro, ni dai katikis, mai koyar da addini, ba ni da ranar hutu.

Dzarma na kan bencin gaba kamar kullum. Wannan ne azuminsa na uku a hannuna. Sau biyu Fada yana gwada shi, sau biyu yana faɗuwa. Mutumin kirki ne, igiyar rama yake tufkawa a Kasuwar Shanu, amma kansa kwando ne, abin da ka zuba da yamma da safe babu shi. Bayan an tashi ya tsaya ya gaya mini wansa ya rasu a ƙauyensu can cikin duwatsu, dole ya koma kafin ruwan fari ya riƙe gona da marayu. Can kuwa Fada ba ya zuwa. Ke nan in bai samu baftisma a Istan bana ba, shi ke nan.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, bana sai na ga an zuba masa ruwa. Ya ce, "Malam, in Allah ya yarda sunanka zan ɗauka. Peter zan zama." Na ji daɗi ƙwarai. Ni da Allah bai ba ɗa namiji ba.

Lahadi, 3 ga Maris

An kawo sabon tica makarantar mishan, wani saurayi ɗan Ibo, Ambrose. Farar riga, farin wando, haƙora a waje. Hausarsa kuwa sai a hankali. Fada ya gabatar da shi bayan Mas, ya yi ta yabonsa har rana ta fara dukan mutane.

Laraba, 6 ga Maris

Dzarma bai zo aji ba. Bai taɓa yin haka ba.

Asabar, 9 ga Maris

Na bi shi Kasuwar Shanu, a zatona ba shi da lafiya. Lafiyarsa lau! Na same shi a rumfarsa yana tufka, ga Tica Ambrose zaune a ƙasa da farin wandon nan nasa, cikin ƙuda da kashin shanu, ya riƙe masa bakin igiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun da littafin katikisim. Tica na tambaya da gurguwar Hausarsa, Dzarma na murza rama a cinya yana amsawa. Yana amsawa fa, ba gargada.

Wai igiyar ƙararrawar makaranta Tica ya zo saya, hira ta kai su nan. Babakura dillali da ke maƙwabtaka da rumfar ya yi mini gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, Malam. Almajirinka ya sami sabon malami." Ya yi ta dariya. Ni ma na yi, ban san yadda ta fito ba.

Wa ya sa shi? Aji nawa ne. Ko sallama bai yi mini ba.

Laraba, 13 ga Maris

Na ta da Dzarma a aji, ya tsaya ya haɗa hannu a ƙirji yadda na koya musu. Sakramenti nawa ne? Ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Har na fara jin sanyi a raina, Allah ya gafarta mini.

Sai ya ce, "Malam, bari ka gani." Ya zauna, ya zaro rama daga aljihu, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa, ya fara murzawa. Duka bakwai ya jero, ya zarce zuwa Dokoki Goma. Mata suka yi ta tafi. Ya ce, "Tica ne ya gano. In hannuna na aiki kaina na buɗewa, in ya tsaya sai komai ya gudu."

Na ce madalla. Na ce a ci gaba da karatu, nan ba kasuwa ba ce.

Lahadi, 17 ga Maris

Fada: "Peter, ka ji abin da Ambrose ya yi da tsohon ɗalibinka?" Na ji, Fada. Duk Maiduguri ta ji.

Lahadi, 24 ga Maris

Na yi wa matata Aisa ƙorafi a kan tuwo. Na ce duk abin da ke fitowa daga bakin Dzarma ni na zuba shi, shekara da shekaru, da zafi da sanyi. Yaron nan murfi kawai ya ɗaga. Ta ce, "To ai sai ka gode wa mai ɗaga murfin." Na ce ba ki gane ba. Ta ce, "Na gane sarai, Malam. Hassada ga mai rabo taki ce." Matar mutum ke nan.

Ni ba hassada nake ba. Tsari nake so a bi.

Lahadi, 31 ga Maris

Dzarma ya zo gida da goro da sabuwar igiyar guga. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, tun nan na san da magana. Can ya ce ya roƙi Tica ya tsaya masa uban baftisma, kuma tun da haka ne, sunan Tica zai ɗauka. "Kai ai ubana ne tun tuni, Malam, ba sai an faɗa ba. Shi baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan."

Na ce ya yi tunani mai kyau. Na raka shi har bakin titi.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ina kishi, to, na rubuta, ina kishi. Ko goron ban iya ci ba.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na je furta zunubi. Na ce ina yawan fushi. Fada bai tambayi da wa ba, ni ma ban faɗa ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ganyen dabinon da aka raba yau a coci ma wai Tica ne ya samo. Komai Tica.

Talata, 9 ga Afrilu

Ranar gwaji. Zafi kamar a gasa mutum.

Yadda muke yi tun da: Fada na zaune a ofishinsa, ni a gefensa, ina kiran su ɗai ɗai. Ni nake tambaya don Hausar Fada ba ta da nisa, shi yana saurare yana duban fuskata. Mai amsa yana tsaye, hannu a ƙirji. Haka aka yi mini, haka nake yi wa kowa.

Da layi ya zo kan Dzarma na fita kiransa. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Lahadi, ga ƙullin rama a hannu. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Malam, ai ka sani." Na ce ba a shiga gaban Fada da kayan kasuwa, ya ajiye a bakin ƙofa. Ya dube ni. Bai yi musu ba, bai taɓa yi mini musu ba. Ya ajiye.

Ya amsa ta farko. Ta biyu ya kama rabi. Daga nan sai gumi. Ina ganin yatsunsa na motsi a ƙirjinsa, suna neman abin murzawa. Fada ya ce in sake tambaya a hankali, na sake. Ya ce, "Na sani, Fada, na sani," amma ba abin da ya fito. Fada ya ce, "Peter, ba an ce ya iya ba?" Na ce, "Ga shi dai kana gani, Fada." Fada ya yi ajiyar zuciya ya ce sai baɗi.

Ba ƙarya na yi ba. Doka ce, ba ni na kafa ta ba. In aka bar kowa ya shigo da sana'arsa, gobe mahauci da wuƙa zai zo.

Da na fito ramar na nan a bakin ƙofa, shi ya tafi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Tica ya zo har gida. Na shirya masa magana, na ɗauka faɗa ya kawo. Ashe haƙuri ya zo bayarwa. Ya cire hula ya ce, "Baba Katikis, laifi nawa ne. Ni ban san doka na ofis ba. Da na koya shi a tsaye." Idonsa ya yi ja. Ya tambaye ni ko akwai abin da za a yi. Na ce Fada ya riga ya yanke.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aisa ta dire mini abinci ta juya ta koma ɗaki. Ita da kullum sai ta zauna ta yi ta magana.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na je unguwar Dala, ɗakin da Dzarma ke haya. Yana ɗaure kaya. Ya tashi da sauri ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Malam, ka yafe ni, na kunyata ka a gaban Fada. Sau uku ke nan. Wahalarka ta tafi a banza." Na ce ba komai. Ya ce Allah ne bai nufa ba, ranar Talata zai bi mota.

Sai ya jawo lambar Maryamu da ke wuyansa, wadda muke rataya wa masu koyo ran da suka shiga aji. Ta yi baƙi don gumi. Ya ce, "Wannan fa, zan mayar ne, ko an yarda in tafi da ita? Ko ba a yi mini ba, in na mutu a can a gan ta a wuyana."

Ban tuna abin da na amsa ba. Na dai ga kaina a hanyar mishan, rana tsaka, ba ko hula.

Fada na shirin Mas ɗin yamma. Na ce, "Fada, na duba littafin da aka koya mana, ban ga inda aka ce sai a tsaye ake amsawa ba." Ya ce me nake nufi. Na gaya masa zancen igiya, da yadda aka bar ta a bakin ƙofa. Ya ce, "Wa ya ce ya bar ta?" Na ce ni ne. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, har na ji kamar in nutse. Ya ce, "Asabar da safe. A gindin bishiya."

A Mas ina cikin waɗanda Fada ya wanke wa ƙafa. Bai ɗago ya dube ni ba, na gode masa.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Azumi. Na aika wa Dzarma. Na aika wa Tica ma, tun da dole.

Asabar, 13 ga Afrilu

An fito wa Fada da kujera. Dzarma a ƙasa, ya naɗe wando har gwiwa, Tica ya durƙusa ya riƙe masa bakin igiya. Ni ke tambaya.

Ban sassauta masa ba. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na tsallaka ƙarshe, don kada wani ya ce alfarma aka yi. Yana murzawa yana amsawa, ko ɗago kai ba ya yi. Ɗaya ya ɓata, ya tofa yawu a tafi, ya sake murzawa, ya gyara da kansa. Fada ya ce ya isa. Na ce saura ɗaya, na jefa masa wadda ko 'yan makaranta ke tuntuɓe a kanta. Har yanzu ban san abin da nake so ya faru ba lokacin da na yi ta.

Ya amsa.

Fada ya yi dariya ya ce a ba shi igiyar ya ajiye. Tica ya rungume Dzarma, su biyu suna ta tsalle kamar yara. Ni na kwashe benci.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ista. Jiya aka yi musu baftisma. Hannun Tica a kafaɗar Dzarma, ni ina riƙe da tasa da tawul kamar kowace shekara. Da Fada ya kira sunan, Ambrose, na ji shi har cikin haƙorina. Ba zan ce ban ji ba.

Yau kowa na ce masa Ambrose, yana ta washe baki. Na ba shi hannu na ce, "Barka, Dzarma." A hanya Aisa ta ce, "Sunan zai ƙone maka baki ne?" Na ce na saba ne kawai.

Talata, 16 ga Afrilu

Mun raka shi tasha, ni da Tica da Babakura, wanda ya kawo masa ƙullin kilishi. Ya hau bayan mota kan buhuna. Tun a gida nake da abin da zan gaya masa, na yi ta jan ƙafa har direba ya ta da inji. Mota ta fara tafiya, sai na ji na ɗaga murya: "Ambrose! Ka koya wa marayun nan addu'a! Ko a zaune ne!"

Su biyu suka waiwayo. Na kan mota ya ɗaga hannu biyu sama yana ihu, "To, Malam! To!" har suka sha kwana.

Hayaniyar tasha ce, dole a kira mutum da sunan da zai ji.

Tica ya ce in hau kekensa ya kai ni gida. Na ce a'a, ƙafata lafiya. Sai dai rana ta yi zafi, unguwarmu Limanti kuma da nisa. Bai iya tuƙi a yashi ba sam, sau biyu muka kusa faɗuwa, sai da na riƙe shi gam. Na ce masa gobe akwai aji da la'asar, in ba shi da aiki.