Malmala Ɗaya A Kwano Bakwai

Daga akwatin saƙo. Mai maganar ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum admin da 'yan gida baki ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garinmu, don in na faɗa da safe kafin azahar maganar ta isa kasuwar Ajingi.

Ni ɗan Toranke ne, ina haya da mashin tsakanin Ajingi da Gaya. Ina da aboki, bari in kira shi Sule, ba sunansa ba ne. Tare muka taso, gidajenmu na kallon juna, shi manomi ne, gyaɗa da dawa. Bara ya fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, ni na goya shi na kai shi asibiti a Gaya. Aka yi gwaji aka ce ciwon suga ne. Ina zaune ma'aikaciyar ta yi masa bayani, ta ce ba sugan shayi kaɗai ake nufi ba, har tuwo da shinkafa da taliya da fura. Ta dunƙule hannunta ta nuna masa, ta ce tuwonsa kada ya wuce haka, malmala ɗaya ƙarama, sauran cikin ya cika shi da wake da ganye.

A hanyar dawowa ya ce in tsaya. Ya kama hannuna ya ce wannan amana ce tsakanina da shi, kada kowa ya ji. Na san dalilinsa. A majalisarmu in aka ce wane yana da suga, sai a hau ƙyafce, a ce ya zama yayan matarsa, kun dai gane abin da ake nufi. Ni ma na sha yin dariyar, Allah ya yafe min. Na ɗauki amanar. Ko matarsa ce mata ya yi olsa ce, ita kuma baiwar Allah sai ƙara masa abinci take wai kada cikinsa ya zauna ba komai.

To ga inda matsalar take. Mu a unguwarmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa tabarmar ƙofar masallaci, mu bakwai ne, a buɗe kwano ɗaya kowa ya sa hannu, in an gama a jawo na gaba. Haka muka gada. In ka ɗage hannu a kwanon mutum, ka raina shi, ka raina girkin matarsa, ko kuma kana zarginsa. Ku faɗa min don Allah, ta yaya za a auna malmala ɗaya a kwano bakwai?

Sai na yi dabara. Na roƙi matata ta riƙa yi min wake da kwaɗon zogale ko rama, ban faɗa mata dalili ba. Muka shirya da Sule, a nawa kwanon zai ƙoshi, sauran ya ɗan taɓa loma ɗaya ya tsame hannu. 'Yan majalisa suka sa wa kwanona suna kwanon awaki, in na fito sai wani ya yi kukan akuya, na shanye. Muka yi kusan wata ɗaya a haka, muka koma gwaji aka ce sugan ya sauka. Wallahi ranar har waƙa na riƙa yi a kan mashin.

Ashe ƙanin mahaifin Sule, Baffa Haladu, wanda shi ma yana cikinmu bakwai ɗin, yana lura. Da ma sun taɓa samun saɓani kan iyakar gona, an sasanta tuntuni. Rannan sai Baffa ya rufe kwanonsa, ya ce ya ga Sule na tsoron tuwon gidansa, in yana ganin an barbaɗa masa wani abu ne ya fito fili ya faɗa. Magana ta shiga cikin gidaje, mata suka ɗauka, har sai da liman ya sa baki, aka sa Sule ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni kuma aka ce ni ne mai raba zumunci, ina janye shi da ganyena. Matata ta ce ta gaji da zama abin dariya a gidan biki, ta daina kwaɗon. Tun daga ranar Sule ya fi kowa cin kwanon Baffa, don dai ya wanke kansa.

Da kaka kututturen dawa ya soke shi a yatsan ƙafa. Yau wata biyu ciwon ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Na sake kai shi Gaya, aka ce sugan ya hau sosai, in bai sauka ba Kano za a tura shi, kuma zai iya rasa yatsan, ko ma ƙafar. Manomi ne fa, 'ya'yansa biyar. Na roƙe shi ya bari in faɗa wa Baffa kaɗai, ya ce in na buɗe baki to ni da shi har abada, kuma bai yafe ba. Na ce to ya daina fitowa ciyayyar, ya ce in ya daina an tabbatar da zargin ke nan. Na yi faɗan, na yi lallashin, har Allah na haɗa shi da shi, ya ce gara a yanke ƙafar da a riƙa nuna shi da baki. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda ya fi.

Jiya tuwon shinkafa aka fito da shi daga gidan Baffa. Baffan ya tura malmala biyu gaban Sule ya ce, "Ci mana ɗana, dubi yadda ka rame." Sule ya naɗe ƙafar ƙarƙashin riga yana ci. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Mutumina, sa hannu mana." Kuma na sa. Muka cinye tare.

'Yan uwa me zan yi? In ci amanar, ya tsane ni yana tafe da ƙafarsa biyu? Kuma ko na faɗa, ban da tabbas zai ƙara zama a tabarmar nan ko ya ƙara yarda in kai shi asibiti. Ko in riƙe amanar, in ci gaba da taya shi cin abin da zai kai shi ƙasa? Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya yi min magana da wuri. An kusa kiran magariba, ga matata can ta riga ta rufe kwanon.