Koyon Numfashi a Greensboro

Talata, 16 ga Janairu, 2007

Na faɗi jarrabawar sa allurar ƙarin ruwa. Hannun roba ne fa, ba na mutum ba, amma malamar na tsayawa a kaina hannuna ya kama rawa kamar mazari. Dama ɗaya ta rage mini, a Afrilu. In na sake faɗuwa, an sallame ni daga karatun jinya ke nan, sai Kano. Da wane ido zan kalli Baba?

Yemima, 'yar Kafanchan da muke aji ɗaya, ta ce ba hannuna ne matsalar ba, riƙe numfashi nake yi. Wai in bi ta ajin yoga, wani motsa jiki da koyon numfashi. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Alhamis, 25 ga Janairu

Na bi ta.

Wani zaure ne a gabashin gari, mata zalla. Mai koyarwar, Mis Odessa, baƙar Ba'amurkiya ce, ta yi jika da ni, amma tana naɗe jikinta kamar tabarma. Ni ko gwiwata ban wuce ba da na sunkuya. A ƙarshe aka ce kowa ya kwanta rigingine, wai sunanta kwanciyar gawa. Na yi a'uziyya a zuci, na kwanta. Yemima ta rantse na yi munshari. Sharri ne.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Anti Kaltouma, Bazindariyar Nijar da nake zaune a gidanta, ta shigo ta same ni a kan tabarmar roba, ƙugu a sama, kai a ƙasa. Ta saki salati.

"Ke ɗiyata, wannan ba sallar Indiyawa ba ce?"

Na ce motsa jiki ne, Anti. Ta ce to, ita dai a tsare mata imani. Ta koma kicin tana mita, amma dambun kuskus da zogalen da ta yi mana yau, har ƙanzo na kankare.

Maganarta ta tsaya mini a rai, gaskiya.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na tari Mis Odessa. Na ce akwai wanda suke kira gaisuwar rana, ni kuwa ba na rusuna wa kowa sai Allah. Na zaci za ta ji haushi. Dariya ta yi, ta ce ita ma mawaƙiyar coci ce, in bar duk abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na bar shi, na bar amon da suke ja a farko.

Ta ce asalin kalmar yoga karkiya ce, irin wadda ake haɗa shanu biyu da ita. Nan take na tuna shanun huɗar kakanmu a Ɓagwai: ɗaya na ja gabas, ɗaya yamma, kunya ta fito a karkace. Wai jiki da zuciya ke nan. Tawa zuciyar kullum tana Afrilu, jikin yana Fabrairu.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Cinyoyina. Wayyo.

Alhamis, 8 ga Maris

Yau na faɗi ina ƙoƙarin tsayuwa a ƙafa ɗaya, na ce wa kaina "shashasha" da ƙarfi. Mis Odessa ta tambayi ma'anarta. Yemima, uwar iyayi, ta fassara mata. Tsohuwar ta durƙusa kusa da ni, ta ce ƙa'idarsu ta farko ita ce kada ka cuci mai rai. "Ke ba mai rai ba ce?"

A bas na yi ta juya maganar. A gidanmu in ka zo na biyu, tambayar Baba ɗaya ce: wa ya zo na ɗaya? Ba mugu ba ne, haka ya iya so.

Da yamma Mis Odessa ta aiko mana da wani ganye irin nasu, mai faɗi kamar na kabeji. Anti ta shinshina, ta ce Amurkawa ba su san darajar ganye ba, ta yanka shi ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Mun cinye tas.

Talata, 27 ga Maris

Abin dariya! Na dawo daga makaranta na tarar da Anti kwance a tabarmata, ƙafafu jingine da bango, ɗankwali ya zame. Yinin kitso a shagonta na titin Wendover ya riƙe mata baya. Ko kunya.

"Mubina, kar ki gaya wa Alhaji Moutari," in ji ta. Mijinta ke nan, yana hanya da babbar mota. "Wannan ba yoga ba ce, fatige ce, gajiya kawai."

Na gyara mata matashi. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce Indiyawan nan dai ba wawaye ba ne.

Laraba, 11 ga Afrilu

An yi.

Malamar ta tsaya a kaina kamar wancan karon. Hannun ya fara rawarsa. Na ajiye allurar, na ja numfashi ta hanci, na sake shi a hankali, na yi bismillah. Rawar ba ta tafi duka ba. Da ita na soka. Na farko na kuskure jijiyar, na ce ba komai, na sake. Na biyu jan ruwan ya hau.

Na ci, da ƙyar, ni ce kusan ta ƙarshe. Yemima ta rungume ni a baranda muna ihu kamar 'yan firamare. Anti ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta soya mana kaji.

Asabar, 14 ga Afrilu

Na fito da safe zan tafi laburare, bas ya wuce ni ina kallonsa. Ban bi shi da gudu ba. Na taka zuwa ɗan lambun bayan gidajenmu, itatuwa duk sun yi fararen furanni, ban san yaushe ba. Wata yarinya tana koyon keke, tana faɗuwa tana tashi, ubanta na tafa mata. Na zauna ina kallonsu har azahar.

Sai da na dawo na ga jakar littattafaina a bakin ƙofa.

Mantuwa ce, ina jin.