Sai da Yatsan Damata

Kadif, 3 ga Satumba, 1961

Zuwa ga Yayata Damata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da dukan mutanen gidanmu na Nima. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Bayan haka, ina sanar da ke na bar aikin jirgin ruwa. Shekara goma sha ɗaya ina zuba wa inji gawayi, ya isa. Na samu aiki a tashar jiragen, a ƙasa, na kuma kama ɗaki biyu a bene kusa da bakin teku. Saboda haka na yanke shawarar haɗa iyalina wuri ɗaya. Luba tana nan da Ishawu da ƙananan biyu da aka haifa a nan. Saura yarinyar da ke hannunki.

Yaya, da kin ga garin nan na Turawa. Akwai wani kanti hawa uku, babu abin da babu a ciki, kuma komai araha. Ba a ciniki, ba a rantsuwa. Mutum ya ɗauki kwando ya zaɓa da hannunsa, ya biya a ƙofa. Daga can na sayo jan takalmi da riguna biyu da za ki gani a ƙunshin da na aiko. Yaro a nan ba ya yawo ƙafa a ƙasa, kuma makaranta kyauta ce.

Matsala ɗaya ce. Ofishin fasfo sun ce ba sunan yarinyar a takardun Luba, sunanki ne a takardar haihuwarta a matsayin uwa. Don haka sai kin je kin dangwala yatsa cewa kin yarda ta tafi. Abu ne na minti biyar. Alhaji Braimah mai harkar tikiti a Zongo Lane zai raka ki.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Garuba


Nima, Ankara, 28 ga Satumba, 1961

Garuba,

Na amsa gaisuwarka don Allah ya ce a amsa. Malam Imoro ne yake rubuta mini wannan, kuma na ce masa idan ya sassauta kalma ɗaya zan kai wa wani ya karanta mini, in dawo in same shi.

"Yarinyar da ke hannunki." A hannuna take? Kaya ce da ka ajiye a tasha? Ran da aka yaye ta, kai da kanka ka ɗauko ta ka ɗora mini a baya a gaban Baba da liman, aka raba goro, ka ce, "Yaya, Allah bai ba ki haihuwa ba, ga taki har aure." Har aure ka ce. Baba ya rasu, amma liman yana nan, kunnensa kuma garau.

Kuma tunda ka manta yadda aka yi sunanta ya ɓace daga takardar Luba, bari in tuna maka, don ina tsaye a wurin. Akawu ya ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Mahaifin Luba yana gefe. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, wai kunyar 'yar fari, ba za ta iya kama sunan ba. Ta ce, "Ishawu." Akawu ya ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na ma yaba mata a ranar, na ce yarinya mai tarbiyya. Da aka zo sa ita yarinyar, Mulikatu, makaranta suka nemi takardar haihuwa, aka tambayi uwa, na ce ni ce, don ni ce. Ku kuka ji kunyarta, ni ban ji ba. To yau kunyar ta ƙare ne da kuka ga ta yi shekara goma?

Sannan ka zauna kana yi mini tallar kanti. Ni za ka ba labarin kanti? Mu ma an buɗe mana irinsa a cikin gari, gilashi tun daga ƙasa har sama. Matan da shekara ashirin suke sayen sabulu da sukari da madarar gwangwani a teburina, yanzu motar trotro suke hawa su je can, su dawo su wuce ta gabana da jaka suna kallon gefe. Wadda na yanka wa sabulu da zare ranar da ba ta da na sanda guda, ita ce yau take ce mini, "Damata, kayanki tsada." Ashana kaɗai ake saya a wurina, ita ma don ba wanda zai hau mota saboda ashana.

Takalmin ya matse ta. Ko girman ƙafarta ba ka sani ba.

Yatsana yana jikina, a nan zai zauna. Ka gaida Luba da yaran.

Yayarka,
Damata


Kadif, 20 ga Oktoba, 1961

Yaya Damata,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, raina ya ɓaci sau biyu.

Ban musa ba, na ba ki riƙo, kuma kin riƙe da amana. Amma a lokacin ni ɗan shekara ashirin da huɗu ne, Baba ya ce in yi, na yi. Wa ya san duniya za ta juya haka? Ke da bakinki kika ce teburin ya mutu. To me za ki ciyar da ita, ashana? Na ji labari daga wani ɗan unguwar Maamobi da jirginsu ya tsaya nan, ya ce ya gan ta da tire a ka a bakin babbar kwata bayan an tashi makaranta, tana tallar sukari. 'Yata! Ni ina nan ina saya wa ƙannenta takalmi bibbiyu.

Ki daina kawo mini maganar liman da goro. Goro ba ya aiki a ofishin fasfo. Jinina ce, kuma in da ba don wautar Luba a gaban akawu ba, da ba na tsaya ina roƙon yatsan kowa. Kina riƙe da ita ne don kanki, don kada ɗaki ya yi miki faɗi. Wannan ba so ba ne, Yaya, ki yi haƙuri da na faɗa.

Ana ta raɗe-raɗin za su ƙara tsananta shigowa ƙasar nan baɗi. Idan ƙofa ta rufe tana waje, ba zan yafe ba. Na riga na kama mata wuri a jirgin da zai taso daga Takoradi a watan Janairu. Matar wani abokin aikina, Amama, za ta taho da ita.

Na aiko wani takalmin, mai girma.

Garuba


Kadif, 12 ga Nuwamba, 1961

Zuwa ga Yaya Damata,

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta 'yarki. Ni ce Luba. Wata 'yar Saliyo maƙwabciyarmu da ta taso a Zongo ita take rubuta mini. Ƙanenki bai san da wannan takarda ba, don Allah kada ya sani.

Yaya, ba zan iya bari ki dangwala yatsa a kan abin da ba ki sani ba. Kantin da yake ba ki labari, a can nake aiki. Ba a sama inda fitilu suke ba, a ƙasa, inda ake kwance kwalaye. Tun safe har yamma ina tsaye ina manna wa kaya farashi. Arahar da yake faɗa, ƙafafuna ne suka san ta. Albashinsa kaɗai ba ya riƙe ɗakin nan, dole na fita.

Ishawu yana makaranta. Amma Zuera shekararta uku, jaririn wata tara. A nan ba tsakar gida, ba kaka, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa yaro ta katanga. Kulle su nake yi a ɗaki in tafi, in rugo da rana in ba da nono in koma. Wata uku da suka wuce Zuera ta jawo butar shayi, hannunta ya ƙone har gwiwa. Wata ma'aikaciyar gwamnati ta zo ta ce idan ta sake samun su su kaɗai, za a ƙwace su a kai gidan renon gwamnati.

A ranar ne ya ce a kawo babbar. Makaranta za ta shiga, gaskiya ne, doka ce. Amma da an tashi, goyo ne, kuma ranar da jariri ba lafiya ita za ta zauna. Ban ce ki ba da ita ba, ban ce ki hana ba. Ba ni da bakin cewa komai, ni da na kasa faɗin sunanta ranar da aka tambaye ni. Kullum ina tuna ranar nan ina jin haushin kaina.

Ki yafe mini. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Luba


Nima, Ankara, 6 ga Disamba, 1961

Luba,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya ba Zuera lafiya. Ke ba ni da faɗa da ke. Kin fi mijinki zuciya, shi da ya ɓoye mini mai reno a cikin jan takalmi.

Da aka karanta mini takardarki na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, na samu abin da zan rufe bakin Garuba da shi har abada. Na dawo gida da ƙarfina. Na tarar da Mulikatu a bakin famfo ta tara yaran gidan tana ba su labarin kanti mai hawa uku, wai akwai matakala mai tafiya da kanta. Takalmin yana ƙafarta. Tun da ya zo ba ta taka ƙasa da shi sai ta shimfiɗa kwali.

Na kira ta ɗaki na zaunar da ita. Ban rage mata komai ba. Na ce ba gimbiya za ki je ki zama ba, goyo za ki yi, wanki za ki yi a cikin sanyi, a ɗakin da ba tsakar gida. Na ce kantin nan da kike mafarki, wadda ta haife ki tana ƙarƙashinsa tana kwance kwali. Na ɗauka za ta yi kuka ta riƙe ni.

Ta ɗan yi wasa da igiyar takalmin. Sai ta ce, "Mma, nan ma ai ina ɗauka tire. Tun azahar har magariba ina zagaya Nima, ba mai saya. Gara goyo, shi yaro in ka ɗauke shi ya san ka ɗauke shi." Sannan ta ce, "In an ƙwace su fa, Mma? Ƙannena ne."

Luba, na ɗaga hannu zan mare ta, ban taɓa marinta ba, hannun ya tsaya a sama. Wa zan mara? Ni na koya mata ba a barin ɗan'uwa a wahala. Ni na ɗora mata tiren. Na fita na je na zauna a teburina, na dubi gwangwanayen madarar da suka yi wata uku har takardarsu ta koɗe, na zagi kantin cikin gari, na zagi naku, na zagi Garuba, har mai wake da shinkafa ta gefena ta ce in yi salati.

Na je wurin liman. Ya ce gaskiya tawa ce, ko gaban wa aka je, riƙo har aure ne, ba mai karɓe ta sai na so. Kin ji, na ci shari'a. Na dawo da gaskiyata gida, na tarar yarinya tana koyon ninke zanen goyo da 'yar tsana.

Ban yanke komai ba tukuna. Kada ki gaya masa.

Damata


Nima, Ankara, 9 ga Janairu, 1962

Garuba,

Babu gaisuwa.

Na dangwala. Ba don kai ba, ba don kantinka ba, kuma kada ka kuskura ka rubuto kana mini godiya.

Jirgi zai taso ranar sha bakwai. Ka je bakin ruwa da kanka, kada ka aiki kowa. Tunda rabonka da ita tana shekara huɗu, ga yadda za ka gane ta: doguwa ce, tana da wushirya, za ta ɗaura koren ɗankwalina.

Ba ta cin kuɓewa. Kunnenta na hagu yana ciwo idan iska ta buge shi, a toshe mata da auduga. Idan ta yi fushi ba ta magana, sai ta hau shara, a ƙyale ta ta gama. Ta fi kowa lissafi a ajinsu, ranar da na ji an zaunar da ita gida sati guda saboda goyo, wallahi sai na sayar da teburin na zo na same ka a gaban Turawan naka.

Kwanakin farko za ta yi kuka, za ta kira Mma. Ka gaya wa Luba kada ta amsa. Ba ita ake kira ba.

Damata