Na sa an yi wa mahaifina addu'ar mamaci yana zaune a sahu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni ɗan Dawaki ne ta Rano, ina shekarar ƙarshe a wata jami'a da ke bayan garin Kano, can inda mota ke sauke ka ka ƙarasa a babur. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa, ɗan yankinmu, shi ya gina masallacin makarantar da ɗakin kwanan da nake ciki, kuma shi ke ɗaukar nauyin karatun marayu daga Rano da Kibiya. Marayu kaɗai, don shi ma a maraya ya tashi. Ranar da aka tara mu masu neman tallafin a gidansa ya dube ni ya ce, "Yaro, mahaifinka fa?" Na ce, "Ya rasu, Alhaji." Ko rawa muryata ba ta yi ba, alhali a lokacin Baba yana gona yana cirar gyaɗa. Na ga kuɗin makaranta ya fi ƙarfinsa, na ga sa'o'ina suna tafiya suna barina, shi ke nan dalilina. Shi kuwa Baba ce masa na yi sakamakona ne ya yi kyau aka ɗauke ni, ya bi kasuwar Rano yana ba kowa labari har masu shayi suka haddace.

Alhaji yana da wata al'ada. Duk shekara, Juma'ar da ke gaban azumi, yakan sa a sauke Alƙur'ani a masallacin makaranta, in an idar da salla kowane maraya ya miƙe ya faɗi sunan mahaifinsa da bakinsa, jama'a su ce Allah ya jiƙansa. Na sha yi, ina lallashin kaina da cewa ai addu'a ce. A bana ma na miƙe, na faɗi sunan Baba da na kakana da garinmu, masallaci ya amsa. Ina shirin zama na hango hular nan ta Baba da ta koɗe a sahun baya. Bai gaya mini zai zo ba. Garin kunu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya kawo mini na azumi, ya ji kiran salla ya shigo. Hannuwansa a ɗage suke, ya shafa tare da kowa.

A waje na same shi tsaye kusa da buhunsa. Kafin in buɗe baki sai ga Alhaji ya dafa kafaɗata yana tambayar wane ne wannan. Baba ne ya riga ni. Ya ce, "Baffansa ne, ranka ya daɗe, ƙanin mahaifinsa. Allah ya saka da alheri." Alhaji ya riƙe hannunsa yana yi masa ta'aziyyar ɗan'uwansa, yana yaba masa riƙon maraya, Baba yana ta cewa amin a gabana.

Na raka shi bakin titi ina kuka, na ce, "Baba ka yafe mini." Ya ce, "Ka rufe garin nan da kyau kada ƙwari su shiga. Karatun kuma ka ƙarasa shi." Ya hau babur bai waiwayo ba.

Tun ranar bai zage ni ba, bai gaya wa Inna ba. Da ma dukana ya yi da na sami sauƙi. Ƙanwata ta ce ya daina zancena a kasuwa, in an tambaye shi ɗansa na jami'a sai ya ce yana lafiya ya juya zance. Wane irin ɗa ne ke binne ubansa da baki don ya sami digiri? Kuma wane marayan gaskiya ne yake zaune a Kibiya ba karatu saboda na cinye gurbinsa? Wallahi zuciyata a karye take, ko littafi na buɗe hular nan nake gani.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Bayan jarrabawa Alhaji zai yi wa waɗanda suka gama walima a makaranta, kowa ya zo da wanda ya riƙe shi. Ya ce lallai in zo masa da baffan nan nawa, zai sa masa babbar riga a gaban jama'a. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ya yanke ƙauna da 'yan Rano gaba ɗaya, ya rufe wa na bayana ƙofa. In na yi shiru, Baba zai sake tsayawa a gaban mutane ya ƙaryata kansa saboda ni.

Na kira Baba na gaya masa. Sai ya ce, "Zan zo in tsaya a baffan, ba wuya. Amma daga yau ka daina ce mini Baba a waya, ka saba tun yanzu, kada bakinka ya suɓuce ranar."

Jama'a, yana faɗin haka ya kashe wayar. Me zan yi?